Gaisuwar Gizo da Shayin Bilbo

Labaran al'ajabi, wato ƙagaggun labaran da aljanu da dodanni da dabbobi masu magana ke cuɗanya da 'yan Adam a cikinsu, suna fito da wani bambanci da zaman yau da kullum yakan rufe, shi ne bambancin da ke tsakanin ladabi da dacewa. Ladabi aikin baki ne da gwiwa, wato gaisuwa da durƙuso da sassauta murya, ita kuwa dacewa aikin hankali ce, domin ita ce sanin abin da wuri da lokaci suke bukata, ko da babu daɗin ji a cikinsa.

Babu wanda ya kai Gizo ladabi a tatsuniyoyin Hausa, domin duk da tsamin bakinsa ba ya tsayawa gaban zaki ko sarki sai ya faɗi ya yi gaisuwa ya haɗa da kirari, amma da wuya ya tashi daga durƙuson nan ba tare da wani ya rasa sa ko rumbu ba. Zuriyarsa ta yaɗu ƙwarai. Daga cikinta akwai mai cin bashin da zai tare wanda yake binsa kuɗi, ya tambayi lafiyar iyali da gajiya da sanyi da kasuwa, har ya gangara kan awakin gida, ya yi sallama cikin girmamawa ba tare da kalmar kuɗi ta gifta bakinsa ba, shi kuwa mai kuɗin ya koma gida yana jin kamar shi ne mai laifi.

Kishiyar wannan cuta tana cikin littafin The Hobbit, wanda J.R.R. Tolkien ya wallafa a Ingila a 1937. Jarumin littafin, Bilbo Baggins, ya gayyaci matsafi Gandalf shan shayi don kawai ya rabu da shi, sai ga wadanni 13 sun yi masa sallama washegari, suka cinye abin da ya tanada, shi kuwa yana ta kai da kawowa da faranti, zuciya na tafasa, baki na yi musu maraba. Duk magidancin da ya taɓa ce wa mai wucewa bismilla alhali tuwon bai ishi yaransa ba, kuma mai wucewar ya wanke hannu ya gyara zama, ya san wannan azaba ba tare da ya karanta Tolkien ba. A nan an taru an yi kuskure biyu, domin mai tayin bai yi don a ci ba, mai amsawar kuma ya sani sarai.

Abin lura shi ne, marubutan irin waɗannan labarai sukan san inda ladabi yake da amfani. Bilbo ɗin nan ya zuba wa Smaug, macijin nan mai fuka-fuki da aman wuta, kirari iri-iri a cikin kogonsa bayan ya sace masa kofin zinariya, kuma wannan ladabi ya dace, tunda gatsali ga mai aman wuta ba jarumtaka ba ce. Haka 'yar bora a tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda ta girmama abubuwan mamakin da ta tarar a hanya ta dawo da arziki, 'yar mowa kuwa ta yi musu ba'a ta kwashi kashinta a hannu.

Matsalar ita ce jama'a sun haddace darasin 'yar bora rabi, sun riƙe gaisuwar sun yar da lura. Shi ya sa ake samun mai zuwa ta'aziyya da zai yi addu'a mai tsawo har a share hawaye, sa'an nan ya amsa waya a tsakiyar tabarma yana cinikin buhun masara, da mai duba marar lafiya da zai cire takalmi tun daga ƙofa, ya zauna awa uku yana lissafa mutanen da irin wannan ciwo ya kashe. Da a tatsuniya ne, da tuni dodo ya haɗiye su duka biyun, amma a unguwa su ne ake nuna wa yara a ce su yi koyi da tarbiyyarsu.