Macijin da ya fi ƙarfin gardi

A dangin macizai, kowa da irin taƙamarsa. Gamsheƙa tana fasa kai, kasa tana huci, kububuwa tana gugar jikinta har ka ji ƙara. Duk sukan yi maka sallama kafin su yi aika-aika. Amma akwai wani ɗan baƙi mai sheƙi da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa, wanda masana ke kira Atractaspis. Shi wannan ba ruwansa da gaisuwa.

In ka gan shi da dare bayan an ɗauke ruwan sama, sai ya ba ka tausayi. Idanu 'yan mitsi-mitsi, wuya da kai duk ɗaya, wutsiya guntuwa mai ɗan tsini. Sai ka ce tana ce ta ci ta ƙoshi.

To, a nan gizo ke saƙar. Gardi ya gaji dabarar kama maciji ta bayan kai tun kaka da kakanni. Shi kuwa gogan ko baki ba ya buɗewa. Fiƙa ɗaya yake zarowa ta gefe, ya soka ta baya. A cikin ramin ɓera ya koyi sana'ar, inda babu sararin hangame baki. In ya soki mai riƙe da shi, sai yatsa ya kumbura suntum, wani lokacin ma a yi asararsa.

Shi ya sa ni yanzu ko igiyar guga na gani a tsakar gida da damina, sai na haska tocila, na ce mata: ranki ya daɗe, wuce abinki.