Bayarabe Ya Sayo Kyanwa Mai Takarda

Zuwa ga bawana, Bayaraben Sabon Birni, mai shagon kayan babur a bakin tasha.

Labarinka ya iso mana Tsamaye tun kafin a gama sauke kejin daga mota. An ce ka je Ikko ganin gida, ka dawo da 'yar kyanwa fara sol, gashi buzu-buzu, hanci a lotse, ka zube kuɗin da Bagobiri zai sayi awaki ya kafa garke. Wai 'yar Farisa ce, har da takarda mai sunan uwarta da ubanta da kakanninta. Kai da har yau ba mu rubuta maka takardar 'yanci ba, kai ne da sayen mai takardar asali?

A ƙasar Gobir ba a kai kyanwa kasuwa. In ta haihu ƙarƙashin rumbu, yara ke zagaya gidaje suna neman mai so, mai gida har godiya yake yi in an rage masa. Na kai maganarka gaban malaminmu. Ya ce akwai hadisin Jabir a Sahihu Muslim da ya yi hani ga cin kuɗin kyanwa, amma mafi yawan malamai, har da namu na Malikiyya, sun halatta cinikin. To, ta wajen shari'a ka tsira. Ta wajen hankali ne ba ka da lauya.

Kada ka ce ba mu san darajar asali ba. Jar akuyar ƙasar nan ce Turawa suka daɗe suna rububin fatarta, suna kiran ta fatar Maroko don ta can take isa gare su bayan ta ƙetare Sahara. A Maraɗi, nan maƙwabtanmu, tun 1963 aka kafa cibiya don kada irinta ya gauraye. Mai sayen Balami ko Uda ko saniyar Azawak yakan buɗe baki ya duba haƙora, ya tambayi garken da dabbar ta fito. Amma kowace cikinsu tana mayar da kuɗinta, ko nono, ko nama, ko fata, ko ladan layya. Taka fa, me take kawowa gida?

Wannan harka ta Turawa ce tun asali. A 1871 suka yi babban bajekolin kyanwoyi a Landan, a 1906 kuma aka kafa ƙungiyar CFA a Amurka, mai rajistar zuri'ar kyanwoyi. Daga nan takarda ta zama kuɗi. Sai dai in za a faɗi gaskiya, mai kiwo na kirki ba a banza yake tsadarsa ba. Yakan sayi uwa da uba masu rajista. Yakan kai su gwaji, don 'yan Farisa suna gadon wata cutar ƙoda da ba ta bayyana sai kyanwa ta girma. Ba ya barin uwa ta yi ta haihuwa ba hutu. Ba ya raba 'ya'ya da uwarsu sai sun kai kamar mako 12, bayan an yi musu allurar rigakafi an ba su maganin tsutsa. Duk wannan yana cikin abin da ka biya.

A nan kaɗai ka yi abin kai, kuma na san ba dabararka ba ce, zama da Gobirawa ne. Ka je gidan mai kiwon, ka ga uwar da idonka, ka karɓi katin likita. Wasu kuwa hoto suke gani a waya su tura kuɗi, cinikin biri a sama, a aiko musu da 'yar mako biyar mai majina, ta mutu kafin wata ya zagayo. Araha ba ta ado.

Amma da na leƙo shagonka na ga inda gizo yake saƙar. Ga gimbiya kwance bisa matashi, fanka a kanta. Ga ka durƙushe da mataji, kana warware mata gashi, kana goge mata kwantsa da auduga, mai neman taya yana tsaye yana ta sallama. Muna cikin haka wani ƙaton ɓera ya bi ta kan kwalin fulogi, a natse, bai ko yi sauri ba. Ta ɗaga ido ta dube shi, ta yi hamma, ta koma barci. Kyanwar Lami ke nan, ba ta cizo ba ta yakushi.

Yanzu ma da sauƙi, iska na kaɗawa. Bari Maris da Afrilu su zo, zafi ya haura digiri 40. Mai wannan bargon gashi da ɗan guntun hancin da numfashi ke yi wa wuya, janareta za ka kunna mata dare da rana. Ba ta cin ɗumamen tuwo, ba ta lasar ƙwaryar fura. Abincinta na buhu ne daga ƙasar waje, kai kuma ka san yadda naira ta koma tun da aka sake ta a Yunin 2023. In ta yi tari, sai ka ɗauki hanyar Sakkwato zuwa asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a wannan zamani da ko don mutum ba a shiga hanyar nan sai da addu'a. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na san amsarka. Za ka ce son kyanwa ya kama ka ne don kullum kana kallon gashin bakinta a kumatuna. Tsagen Gobir na gadon Bawa Jan Gwarzo ne, Bayarabe. Naku na Oyo ne mutane ke tambaya ko da muzuru aka yi faɗa.

Tunda ka riga ka ɗauko ta, amana ce a wuyanka. Ka cika mata allurarta, har da ta haukan kare, ka rage mata gashi kafin bazara, kada ka kulle ta a shago ka tafi sallar Juma'a ba ruwa. Maganar ɓera kuwa, tamu ta haifi huɗu, uwarsu ko gafiya ba ta ƙyalewa. Ka turo yaro ranar kasuwa ya ɗauki ɗaya, ya zo min da goro. Kyauta ce.