Sannunku da Aiki, Dakarun Waya

An daɗe ana tauye haƙƙin wasu bayin Allah a ƙasar nan, babu lambar girma, babu fansho, babu ko sambarka. Ina nufin samarin nan da ke kwana da waya a hannu, da yayyensu sojojin baka masu layi a gidajen rediyon Kano, waɗanda suka sadaukar da barcinsu don kada wani babba ya wayi gari cikin kunya. Yau dai a bar ni in yi musu jinjina, kuma in kawo hujja, don kada a ce son kai ne.

A watan Oktoban 2018 jaridar Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar ta saki wasu faya-fayan bidiyo da ta ce suna nuna gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar bandir-bandir na daloli daga hannun 'yan kwangila yana cusawa a aljihun babbar riga. Jaridar ta ce jimillar kuɗin ta kai dala miliyan 5. Gwamna ya musanta, ya ce haɗawa aka yi. A wata ƙasar da ba ta san darajar manya ba, da sai a kira ƙwararru su duba faifan, cikin 'yan makonni a san mai gaskiya: ko a wanke gwamna tas a hukunta mai ƙage, ko a san inda kuɗin jama'a ya shiga. Wannan gajeriyar hanya ce, ta ragwaye. Ku kuwa, dakarunmu, kun zaɓi mai tsawo, kuma ga shi shekaru sun shuɗe ba ku gaji ba.

Kafin gari ya waye kowa ya zama masanin bidiyo. Wanda bai taɓa riƙe kyamara ba ya gano cewa inuwar hula ta karkace. Wani ya auna aljihu da ido ya ce ba zai ɗauki wannan kaya ba. Da wannan ya ƙi ci, sai aka koma kan ɗan jaridar: ɗan wane gida ne, wa ya ba shi, me ya sa sai yanzu da zaɓe ya matso? Tambayoyi masu zurfi ke nan, kuma babban amfaninsu shi ne babu wadda ta taɓa dalar. Ɗaya ɓangaren ma ba a bar su a baya ba, kada su ce na manta da su. Masu jar hula, 'yan adawar gwamna, sun samu suna na tsokana, sun samu abin rerawa a wajen kamfe, kuma sun nuna mana cewa rashawa mummunar aba ce ƙwarai matuƙar a gidan maƙwabci aka ganta.

Sai hukumomi suka ɗora a kan harsashin da kuka kafa. Majalisar dokokin jiha ta naɗa kwamiti. Jaafar ya bayyana a gabansa da Alƙur'ani. Gwamna ya aiko kwamishinansa na yaɗa labarai. A waje kuma aka ga yaran makaranta cikin yunifom riƙe da kwalayen goyon bayan gwamna, abin da ke nuna ilimi ya bunƙasa a Kano har ɗan firamare ya iya tantance sahihin bidiyo da na jabu. Kafin shekara ta ƙare kotu ta ce majalisa ba ta da hurumin wannan bincike. Hukumomin tarayya kuwa ga sashe na 308 na tsarin mulki, mai ba gwamna rigar kariya daga gurfana. Shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, wanda talakawa suka yi wa laƙabi da Mai Gaskiya, ya nuna bai san irin fasahar da aka yi amfani da ita ba, ya zo Kano ya ɗaga hannun ɗan takararsa. Rigar kariyar Ganduje ta faɗi a ƙarshen Mayun 2023, a watan Agusta aka ɗora masa ta shugabancin jam'iyyar APC ta ƙasa, don kada sanyi ya kama shi. Shi kuwa ɗan jaridar, tun 2021 ya tattara ya tafi Ingila saboda tsoron abin da zai same shi. Kowa ya samu matsayin da ya dace da aikinsa.

Abokan aikinsa da suka yi gum su ma sun cancanci yabo. Sun san ƙa'idar sana'a: labari sai an ji ta bakin kowane ɓangare, kuma ɓangaren da ke biyan kuɗin talla da na mota bayan taron manema labarai ya fi kowa baki. Gidan rediyon da ke sayar da fili ga duk mai kuɗin zagi, ya kira shi shirin siyasa, ai ya sauƙaƙa wa kansa wahalar bincike.

Amma inda kuka fi burge ni shi ne fagen addini. Ban taɓa sanin muna da malamai da yawa haka a Facebook ba sai da aka taɓa mai mulki. Nan take aka tuno da wajibcin bin diddigin labari kafin a yaɗa shi, da falalar rufa asirin Musulmi, da haɗarin cin naman ɗan uwa. Duk gaskiya ne, duk koyarwar addini ce. Hikimarku ita ce sanin ranar da ake fito da su da ranar da ake mayarwa cikin akwati. Ranar da aka kama yaro da wayar sata a kasuwar Farm Centre, aka yi masa jina-jina, aka ɗauki hotonsa, ba na jin mai neman a bi diddigi. Turawa ake yi, ana Allah ya ƙara. Labarin matar nan 'yar babban gida ta Banu Makhzum, wadda ta yi sata aka nemi Usama ɗan Zaidu ya yi mata ceto, Manzon Allah (SAW) ya ƙi, ya kuma yi gargaɗi a kan al'ummar da ke ƙyale babba ta hukunta ƙarami, wannan kun adana shi sai wa'azin watan azumi, inda ba zai ɓata wa kowa rai ba. A Zamfara an yanke hannun wani mutum a shekarar 2000 saboda satar saniya. A Kano Hisbah ta sha tara kwalaben giya ta bi ta kansu da motar daɓe hanya a gaban 'yan jarida. Ashe ƙarfin yana nan, ya dai san ƙofar da ba a ƙwanƙwasawa.

Kada kuma wani ya ce shari'a ba ta sauri a Kano. A watan Nuwamban 2022 aka yi shari'ar wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok da suka taɓa gwamna a wani ɗan bidiyo. Cikin 'yan kwanaki kotun majistare ta gama da su: bulala 20 kowanne, tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu ta kwana 30. Babu wanda ya ce a kawo ƙwararre ya duba ko nasu bidiyon haɗawa aka yi, babu maganar hurumi.

A cikin wannan watan ne Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton cewa 'yan Najeriya miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, wato rashin abinci, da asibiti, da makaranta, da ruwan sha, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Wannan bai samu ko rabin hayaniyar da kuka yi a kan aljihun riga ba, kuma daidai ne, tunda babu wanda ke raba kuɗin data don a yi magana a kansa. A nan sadaukarwarku ta fi fitowa fili. Da yawanku cikin wannan adadin kuke. Mahaifiyar wani na kwance a asibitin gwamnati, an rubuto magani an ce a je a sayo a waje. Ƙanin wani na zaune a ƙasa a ajin da ya cika ya batse. Wani ya gama digiri shekara da shekaru, sana'arsa ita ce jiran ɗan abin da za a turo ƙarshen wata. Duk kwangilar da aka yanki wani kaso a cikinta, ko a wace jiha, ko a ƙarƙashin wace hula, daga gadon wannan uwar da kujerar wannan yaron aka yanka. Amma ba ku taɓa bari wannan ƙaramin lissafi ya shiga tsakaninku da maigida ba. Mutum ya tashi cikin duhu, babu wuta, ya kai wayarsa wajen mai caji ya biya da kuɗin karin kumallonsa, don kawai ya zagi wani talaka ɗan uwansa a kan mutumin da 'ya'yansa ba su san layin asibiti ba. Ina ne za a samu irin wannan biyayya?

Shawara ɗaya ce gare ni, ita ma don ina ƙaunarku. Tun farkon 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, ga shinkafa da man fetur kun san inda suka kai. Ku haɗa kai, masu jar hula da masu kowace irin hula, ku je ku gaya wa iyayen gidanku a ƙara muku wani abu kafin zaɓen 2027, domin aikin da ke tafe ya fi na baya yawa.