Burushi Ne, Wallahi

Tun jiya da la'asar wayata a kashe take, ko sallar isha'i a ɗaki na yi.

Na gama koyon zane a kwamfuta, hannuna ya faɗa a CorelDraw, na kama ɗan shago a bakin layinmu a Kano. Malaminmu yakan ce mai zanen da ba shi da tambarin kansa tela ne mai yawo da yagaggiyar riga. Shi ya ba mu labarin Carolyn Davidson, ɗalibar da ta zana wa kamfanin Nike alamarsa a 1971 aka biya ta dala 35. Ya ce sirrin tambari sauƙi ne: abu guda, launi kaɗan, wanda ko a kan babur mutum ya gifta zai gane shi. Sai na zana burushin fenti a tsaye, hannu na riƙe da shi. Kore a hagu, fari a tsakiya, shuɗi a dama, ratsin ruwan lemo a ƙasa. A gefe na sa hotona da babbar riga da zanna bukar, don a san mai shagon. Take kuma: "Lokacinka Ya Yi."

Na tura wa mai buga bana ta WhatsApp a matsayin hoto, wanda duk ɗan koyo ya san matse shi ake yi, ingancinsa ya zube. Launukan kuma na bar su a RGB, tsarin hasken allo, alhali injin bugawa da tawada huɗu yake aiki, CMYK. Yaron shagonsa ya ga hoton bai cika faɗin banar ba, ya kama shi ta gefe ya ja, maimakon ta kusurwa. Aka kawo a naɗe, aka kafa da daddare, na sa aka lulluɓe da zanin gado. Wai ni mai bikin buɗewa.

Na yi hayar kujeru da lasifika. Na gayyaci wata Hajiya mai sana'ar turaren wuta, wadda nake fatan ta ba ni aikin takardun da ake liƙa wa kwalabenta. Ta zo kuwa, ta zauna a sahun gaba. Na karɓi makirfo, na yi bismillah, ƙanena ya ja zanin.

Wurin ya yi tsit. Gashin burushin ya baje kamar an taka shi. Ƙarfen da ke ɗaure gashin ya dushe ya koma igiya. Ruwan lemon ya fito ja. Ina tsaye ina ƙoƙarin tuna inda na san wannan hoton, sai wani yaro mai tallan gyaɗa ya taimaka mini da iyakar muryarsa: "Tsintsiya!"

Hannu riƙe da tsintsiya, kore, fari, shuɗi, ja a ƙasa. Tun 2013 ake liƙa wannan alama a bangon kowane lungu na ƙasar nan, ni kaɗai ne ban gan ta a kwamfutata ba. Ga ni kuma a gefe, na karkace hula, ina murmushin neman ƙuri'a. A unguwar da jar hula ta fi yawa.

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Hajiya ta sauke tabarau, ta dubi banar, ta dube ni, ta ce cikin tausayi, "Ɗana, kansila ko ciyaman?"

A nan ne ya kamata in ajiye makirfo. Ban ajiye ba. Na ɗaga shi bakina na ce, "Hajiya, burushi ne." Mai lasifikar kuwa ya ƙure amsa-kuwwa tun da rana don ya burge ni, abin da ya fita layin shi ne: "shi ne... shi ne... shi ne." Matasan da ke zaune a kan dakali suka miƙe suka amsa, "Shi ne!" Na sake cewa, da ƙarfi wannan karon, "Jama'a, burushi ne!" Suka ce, "Sai ka yi!" Har yanzu in na rufe ido ina ganin hannuna na hagu a sama, ina nufin in tsayar da su, su kuwa sun ɗauka gaisuwa ce. Wani maroƙi da ban san daga inda ya ɓullo ba ya riga ya kai ga kakana na wajen uwa. Hajiya ta tattara mayafinta, ta ce ita ba ta haɗa kasuwanci da siyasa, amma Allah ya ba da sa'a.

Kawuna, wanda bai taɓa kunna kwamfuta ba, ya ja ni gefe. Na ɗauka jaje zai yi mini.

"Kai yaro, matsalar ba tsintsiyar ba ce. Fili ya yi yawa. Kuɗinka ka biya, a bar maka rabin allo fari fat?"

Na ce, "Kawu, da gangan ake barinsa, don ido ya huta."

"Ido ya huta a gidansu. Sa zaki a nan. Nan kuma jirgin sama. Lambar wayarka ka rubuta ta sau uku, wani ba ya gani da farko. A ƙasa ka sa 'Hassada ga mai rabo taki', ba ka ga motocin da suka yi albarka ba?"

Don in kare kaina na ba shi labarin matar Nike da dala 35 ɗinta. Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sannan ya ce ai da ta sa zaki da ta samu ɗari.

Yau da sassafe ya aiko yaro da takarda. Sunayen mata ne na mazaɓarmu, wai atamfa za a fara da ita, kuma shi ne daraktan kamfen.