A Magajiya Kowane Uba Na Ɗaya Ya Zo A Ajinsu

Da za a tara magidantan unguwar Magajiya a Suleja a tambaye su na nawa suke zuwa a firamare, da an sha mamaki, domin duk na ɗaya suka yi. Waɗanda suka riƙa ɗaukar na ƙarshe a wancan zamani da alama ba su yi aure ba, ko kuma sun ƙaura Minna. Katin sakamakon kuwa, kowa ya ce gara ta cinye.

Da wannan tarihi ake tarbar yaro ranar da aka ba da hutu. Ya shigo yana murna ya zo na uku, sai uban ya gyara zama ya ce, "To, shi wanda ya zo na ɗayan, kai biyu gare shi?" Uwar na daga kicin tana ƙara gishiri: "Faɗa masa dai, Malam. Ɗan maƙwabta har kyautar agogo aka ba shi."

Shi kuwa yaron tun asuba yake bakin aiki. Daga allo sai boko, an tashi sai lesin, daga nan Islamiyya har gab da magariba, ga hadda, ga aikin gida na darasi huɗu. Jakar bayansa kamar buhun gawayi. In ya yi gyangyaɗi a kan littafi, a ce lalaci ne ya gado daga dangin uwa.

A yi wa uban adalci, shi ma ba hutawa yake ba. Tun duku-duku ya kama hanyar Abuja, ya ci cunkoson Madalla da Zuba, ya isa ofis ya tarar da abokin aiki yana nuna hoton 'yarsa mai karatun likita. Da wannan zafin yake dawowa, ga kuɗin makaranta na zango mai zuwa yana jiransa. Shi ya sa tun yaro bai daina fitsarin kwance ba aka yanke masa hukunci: likita ko injiniya. Lauya ma da ƙyar ake yarda.

Sannan Allah ya haɗa mutanen Suleja da maƙwabciya mai tayar da hankali, wato makarantar haziƙai ta gwamnatin tarayya da aka buɗe a garin a 1990. Yara daga ko'ina a Najeriya ke gogayyar shigarta ta jarrabawar da NECO ke shiryawa, amma uban Magajiya gani yake tunda a garinsu take, ai haƙƙin maƙwabtaka kaɗai ya isa ɗansa ya zama haziƙi.

Gaggawa ce babbar cutar. Aji shida na firamare ya zama na 'ya'yan marasa dabara. Daga aji biyar, wani ma huɗu, ake cilla yaro sakandare. A 2024 ministan ilimi Tahir Mamman ya ce sai mai shekara 18 zai shiga jami'a, iyaye suka yi ca, magajinsa Tunji Alausa ya mayar da ita 16. Hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a ta bar 'yar ƙofa ga wanda bai kai ba, in ya fara da cin maki 320 cikin 400. Tun daga ranar kowane gida ya gano akwai ɗan 320 a ɗakinsa, malamai ne kawai ba su lura ba.

Da sakamakon jarrabawar JAMB ta 2025 ya fito, sama da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu ba su kai 200 ba. Bayan 'yan kwanaki shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya zub da hawaye gaban 'yan jarida, ya ce na'ura ce ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000. Samarin Magajiya suka ruga gida da albishir. Sai dai iyaye sun riga su jin rediyo, sun san matsalar a Legas da jihohin kudu maso gabas ta tsaya. Washegari aka ƙara wa malamin lesin Asabar da Lahadi.