Dutse ne fa, me za a gani?

Ka gwada shaida wa mutanen gidanku cewa za ka yi tafiyar kwana biyu a mota, daga Kano zuwa tsaunin Mambila, don kawai ka ba idonka abinci. Tambayar farko ita ce, "Wa ya rasu?" Ka ce babu. "To biki ne?" A'a. "Wa kake da shi a can?" Da zarar ka ce duwatsu za ka je gani, sai tsakar gida ta yi tsit. Gwaggo za ta ce a nemo malami ya yi maka tofi. Kawu zai ja ka gefe ya rage murya: "Ɗana, in haƙar ma'adinai ce kada ka ɓoye min, ni ma ina da ɗan abin da na ajiye." Uwargida kuwa ba za ta ce uffan ba, amma daga daren nan wayarka ta shiga hannun hukuma, domin a saninta babu namijin da zai ƙona man fetur saboda dutse, sai dai in dutsen yana ɗaura kallabi.

A wurinmu tafiya tana da dalilanta da aka amince da su: biki, gaisuwar mutuwa, kasuwa, asibiti, cirani. Duk abin da ke tsakanin tashar da ka hau da tashar da za ka sauka sunansa "daji", kuma daji ba abin kallo ba ne, abin addu'a ne.

Abin mamakin shi ne yadda ake faɗa a kan kujerar taga. Tun asuba za ka ga dattijo da furfurarsa yana rantsuwa cewa shi ya fara ajiye jaka a wurin, har sai ɗan kamasho ya shiga tsakani. Ka ɗauka masoyin kallon ƙasa ne. Ina! Kafin a haye gadar Wudil ya jingina kai da gilashi, hula ta rufe ido, minshari ya kankama. Jingina ya yi wa faɗa, ba taga ba. Haka za a wuce Birnin Kudu, inda mutanen dā suka yi zanen shanu a jikin duwatsu irin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, zanen da masana ke tasowa daga nesa don su gani. Matafiyinmu ya bi ta garin sau ba adadi, abin da ya sani game da shi kawai shi ne nan direba yake tsayawa a kama ruwa.

Waɗanda ba su yi barci ba su ma suna kallo, amma da idon dillali. Da damina, fili ya miƙe kore shar har inda ido ya gaza, ga gero da dawa, ga kukoki tsaye jefi-jefi. Sai Alhajin da ke gidan gaba ya yi ajiyar zuciya. Ka zaci tasbihi zai yi. Sai ka ji: "Wannan filin duk na wane ne? Da a bakin Kano yake, ai da tuni an yanka shi fulotai." A shiga duwatsun Ningi, inda a ƙarni na 19 mutanen wurin suka kafa sansani suka gagari sarakunan Kano da Bauchi shekara da shekaru. Alhaji ya ɗaga kai ya auna dutse tun daga gindi har ƙololuwa, ya ce, "Direba, wannan in aka sa masa nakiya, tifa nawa kake ganin za a samu?"

Bayan Bauchi, a Dindima, ga mararrabar da ke shiga Yankari. Tun 1962 aka buɗe wurin ga masu ziyara. Akwai giwaye, akwai ruwan Wikki da ke ɓuɓɓugowa da ɗuminsa, kusan digiri 31 rani da damina. Wani ɗalibi a kujerar baya ya yi karambanin faɗin haka. Wata Hajiya ta juyo ta kalle shi sama da ƙasa. "Yaro, in biya kuɗi in je kallon giwa? Ita giwar ta san na zo? Ruwan ɗumi kuwa ai ko a gida in na hura gawayi na samu."

Gawayi! To nan ne fa idon kowa yake buɗewa. Tsakanin Gombe da Numan hanya tana ratsa ƙasar Tangale, inda wani dutse mai tsini ya yi tsaye shi kaɗai a sararin sama, ga rana ta yi ja tana shirin faɗuwa ta bayansa. Daidai nan Hajiya ta doki kujerar direba: "Tsaya, tsaya, don girman Allah!" Direba ya taka birki, na ce a raina yau dai an samu wadda abin ya taɓa. Ashe buhunan gawayi ta hango a bakin titi. Ta zuro kai ta taga, ta juya wa dutsen ƙeya, aka shiga ciniki. "Nawa buhu? Haba ɗan nan, ka ji tsoron Allah, rabinsa ai ƙasa ce!" Ta sa aka kwance bakin buhu, ta tura hannu har gwiwar hannu ta zaƙulo na ƙasa, ta karya ɗaya ta saurari ƙararsa. Kafin a daidaita, mutum huɗu sun sauka su ma sun taya, rana ta faɗi, dutse ya shige duhu. Babu wanda ya yi asarar komai, tunda an samu ragin ɗari biyar.

Daga nan mota ta zama kasuwa mai taya. A gadar Numan, kusa da inda kogin Gongola yake zuba a Binuwai, tambayar da ake yi ita ce nawa banda. A hanyar Jalingo zuwa Bali an sayi doya. Wani ya sayi zabi biyu ya tura ƙarƙashin kujerata, suna saran dunduniyata har Serti. Motar da ta baro Kano tana tafe kamar budurwa, yanzu gindinta yana jan ƙasa.

Da wannan lodin za a fuskanci hawan Mambila. Daga Mayo Selbe titi yake fara nannaɗe dutse, kwana bayan kwana, dama bango, hagu rami wanda ba a hango ƙarshensa. Wannan ne kaɗai lokacin da kowa ya yarda akwai dutse a duniya, kuma shi ne lokacin da kowa ya runtse ido. Salati ya kaure. Mai minshari ya farka yana kalmar shahada. Alhajin fulotai, da murya tana rawa, ya yi alkawarin in Allah ya kai shi sama lafiya zai mayar wa ƙannensa mata gonar gadon da ya riƙe. Hajiya ta yafe wa kishiyarta duniya da lahira. Ana isa Maisamari, titi ya daidaita, Alhaji ya gyara hula ya yi gyaran murya: "Ita dai maganar gonar nan, sai an zauna."

Ga ka a saman tudu mai tsayin kusan mita 1,600. Tuddai ne kore a jere, shanu warwatse a kansu, hazo yana bin ƙasa har ya shafi gilashin mota. A Kakara ga gonakin shayi layi-layi, ganyen da muke sha kullum safe ba mu taɓa ganin uwarsa ba. Sharhin farko da aka yi a motar: "Kai, wannan sanyi ai azaba ne, mutanen nan me suka yi wa Allah?" Sai kowa ya zaro waya. Hoton kuwa iri ɗaya ne: fuska ta cinye kashi uku cikin huɗu, tsaunin ya samu ɗan gurbi a bayan kunne. A ƙasa a rubuta, "Alhamdulillah, kamar Landan." Hoto ya ƙi tafiya, sabis ya ɗauke. Nan ne na ga abin al'ajabi: Alhaji da babbar riga, ya tattare ta a kafaɗa, yana hawan tudu da ƙafa yana haki, hannu a sama. Ya kai ƙololuwa, duniya ta shimfiɗu a gabansa, shi kuwa idonsa na kan allon waya yana jiran sanda ɗaya ta fito.

Za a ce hanya babu tsaro, titi ya lalace, fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, wa zai tsaya kallon dutse a dokar daji? Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai lokacin da ake kwana a hanya babu fargaba ma gawayin muke tsayawa saye. Kuma wannan Alhajin da ya ce dutse dutse ne, shi ne zai je Dubai ya biya dala a zaga da shi cikin rairayi, ya dawo ya ishe mu da bidiyo, alhali ga tuddan yashi can a Yusufari ta jihar Yobe, ko kallo ba su ishe shi ba.

In an dawo gida aka ce, "Yaya hanya, me kuka gano?" amsar ba ta wuce, "Lafiya lau. Doya dai ta yi araha a can."

Ga wanda har yanzu yake da niyya, kuma gwaggo ba ta riga ta kira malami ba: dutse mafi tsawo a Najeriya shi ne Chappal Waddi, mita 2,419, yana cikin gandun Gashaka-Gumti a kan iyakar Kamaru. A tafi da rigar sanyi da takalmi mai ƙwari. A kuma sani tun daga gida, ba a sayar da gawayi a samansa.