Mutanenmu na Bakin Teku

Duk wanda ya taɓa kora amalanke cikin rairayin Matameye da rana tsaka ya san Allah bai rage mu da yashi ba. Shi ya sa ranar da labari ya iso majalisarmu ta gindin dogon yaro cewa a Ikko ana sayar da yashi da dala, sai da aka sake tambaya: wace dalar? Aka ce ta Amurka, ba tamu ta sefa biyar ba.

Kuma gaskiya ne. A inda da ake kira Bar Beach, tun wajen 2008 jiragen ruwa suke zuƙo yashi daga ƙarƙashin teku suna zubawa, har ƙasa ta fito inda babu ita. Suka sa mata suna Eko Atlantic, suka kare ta da ganuwar duwatsu da curin kankare mai nauyin tan biyar-biyar, wadda aka tsara za ta kai kilomita takwas da rabi. A Fabrairun 2013 Goodluck Jonathan da Bill Clinton suka halarci bikin ƙaddamar da Eko Atlantic. An ce mutum 250,000 za su zauna ciki. Daga can kuma, in ka miƙa ta Lekki, unguwanni ne masu katanga da ƙofa ɗaya, waɗanda aka zana a takarda kafin a aza tubali. Estet ake ce musu. To mutanenmu, da suka saba bi ta Ɗan Barto da Kwangwalam su gangara ci-rani, sun kai can ma, tafiyar sama da kilomita dubu. Na zauna da su, kuma ba iri ɗaya ba ne.

Wanda ya fi yawa shi ne mai cewa "gidanmu". Gidanmu hawa uku ne, gidanmu da wurin wanka kamar tafki. Sai ka je ka tarar ɗakinsa na jikin ƙofa, taku uku a tsaye taku biyu a kwance, da tabarma da buta da rediyo. Kada ka yi masa dariya da wuri. Mai gidan yana Landan, sai Disamba yake leƙowa ya yi mako biyu. Sauran wata goma sha ɗaya da rabi maigadi ne ke shan iskar da aka saya da miliyoyi. Inda mai zane ya rubuta furanni, shi ya shuka kuɓewa da yakuwa a bayan ɗakin janareta, kuma sun yi kyau. Ran Juma'a yakan taka har gaɓa ya kira gida, ya ɗaga wayar sama: "Inna, kin ji? Ƙarar teku ke nan!" Inna ta saurara, ta ce, "Ɗan nan, layin ba kyau, ka sake kira."

Abokinsa kuwa shekara bakwai yana Lekki bai taɓa sa ƙafa a ruwan ba. Hujjarsa ɗaya: ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa yana da masu shi, kuma shi ba su gayyace shi ba. Tafkin garinsu ya sani, yana cika da damina ya ƙafe da rani kamar kowane abu mai kunya. Wannan kuwa dare da rana yana zuwa yana komawa, bai gaji ba, bai faɗi abin da yake nema ba. Akwai kuma kishiyarsa, mai jarka, wanda duk motar da za ta arewa sai ya aika da ruwan teku, wai maganin sanyin ƙashi ne da sammu. Su biyun ɗaki ɗaya suke kwana.

Amma a wurina babu kamar Alhaji mai fili a takarda. Shi ba ɗan ci-rani ba ne, mutum ne mai rufin asiri: rake yake lodawa, yana kai shanu kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi. Wani dillali mai ƙamshin turare ya nuna masa hoto a waya, ga itatuwan kwakwa a jere, ga titi kamar an goge da tsumma, ga wasu mutane sanye da fararen kaya suna dariya ba dalili. Alhaji ya sayar da bijimai, ya karɓi takarda mai tambari har uku. Bayan shekara ya ce bari ya je ya ga abinsa. Aka ɗauke shi a mota, motar ta tsaya inda hanya ta ƙare, aka ce ya shiga kwalekwale. Suna cikin tafiya yaron dillali ya sa aka tsaya, ya nuna ruwa da ɗan yatsa.

"Ranka ya daɗe, nan ne."

"Ina?"

"Nan ɗin dai. In an cike."

Alhaji mutum ne da ya yi shari'ar iyakar gona sau biyu a gaban sarkin Kance, ya san iyaka da gamba ake yin ta, ko a ce daga aduwar nan zuwa gawon can. Ya dubi ruwan, ya ce to ina nawa ya tsaya, ina na maƙwabci ya fara? Yaron ya ce duk yana cikin kwamfuta. Har yau takardar tana cikin akwati tare da fasfon hajjinsa, kuma in an taɓo zancen yakan ce, "Ai muna da ɗan wuri a can." Masu tsokana suna tambayarsa ko bana filin ya yi kifi.

Sai Hajiya, wadda ɗanta ya yi arziki ya ɗauko ta don ta huta. Kwana uku aka kawo mata takardar dokoki. Ba a shanya a waje. Ba a daka, don ƙarar turmi tana damun na ƙasa. Ba a kiwo, ko da kaza ɗaya. Baƙo ba ya shigowa sai an aika masa da lamba ta waya ya nuna a ƙofa, ita da a gida sallama ce lambarta. Ta yi wata biyu ba ta san sunan matar da ke jikin bangonta ba, ba wanda ya aiko a sam masa gishiri, ba wanda ya haihu aka kira ta wanka. Iskar gishiri ta cinye mata kwanonin da ta adana tun aurenta, kilishin da ta zo da shi ya yi furfura, gero ya ƙi bushewa. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne ruwa: ga shi nan shimfiɗe har inda ido ya ƙare, amma na rijiyar gidan ja ne kamar shayi, na alwala ma sai tanka ta kawo an biya. Da Babbar Salla ta zo aka ce ragon sai dai ya kwana a wajen katanga, sai ta ɗaure kayanta.

Akwai waɗanda zanen bai san da su ba sam: mai shayi, mai yankan farce, mai gyaran takalmi, ɗan ga-ruwa, ɗan acaɓa. Tsofaffin cikinsu suna tuna Maroko, unguwar talakawa da gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe a Yulin 1990, mutane wajen 300,000 suka watse, yau wurin manyan gidaje ne. Matasan kuma suna tuna Yunin 2022, da aka hana acaɓa a yankin. Mai shayi dai ya kafa teburinsa a jikin katanga ta waje. Da dare manyan estet suna aiko direba ya sayo musu indomi da ƙwai, ran taron unguwa su ɗaga hannu a tashe shi don yana ɓata tsari. Yakan matsa taku ashirin. Direban ya san inda zai same shi.

Mai hoto ba ya buƙatar dogon bayani. Jingina da motar wani, teku a baya, tabarau a goshi, a tura Facebook. 'Yan matan garinsu uku kowace tana zaton da ita ake.

Yawancinsu kuwa, hadarin farko yana haɗowa za ka gan su a tasha. Cikinsu akwai wanda ya dawo da gajeren wando da ƙorafi: zafi ya yi yawa, ƙura ta yi yawa, shi fa ya saba da iskar teku. Bara irin wannan ya zauna a majalisa yana ba da labarin yadda masu kuɗi ke biya a ƙofa don kawai su shiga su kwanta a kan yashi, rabin jiki a waje, rana tana gasa su. Kawuna, wanda bai taɓa wuce Daura ba, ya saurara har ƙarshe. Ya debi rairayi a hannu ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Yashi dai irin wannan?"

"Irinsa, Kawu."

"Da rana irin wannan?"

"Tamu ma ta fi."

Kawu ya kakkaɓe hannunsa a riga. Ya ce, "Ashe mu ma a bakin tekun muke, ruwan ne bai iso ba. Tashi ka ɗauko hauya."